Daga Caji Ofis Zuwa Gaban Alƙali: Yadda Ake Bi Da Zargi, Ɓata Suna Da Bashi

Yawancin rigimar da ke kai mutane caji ofis a Kano, Kaduna ko Sakkwato, doka ba ta ɗauke ta laifi ba. Kuɗin atamfa ne da aka ɗauka a Kwari ba a cika ba, ko adashi da ya watse, ko wata magana da aka yaɓa wa mutum a zauren WhatsApp na unguwa. Mai haƙƙi yakan ɗauki maganar ya kai ƙofar da ba tata ba, ya kashe kuɗi, ya ɓata wata shida, wani lokaci ma ya wayi gari shi ake ƙara. Saboda haka kafin ka taka ko'ina, ka fara tantance irin maganar da ke hannunka.

Bashi ne ko laifi?

Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko ana bin sa kuɗi. Haka sashe na 8 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ya ce. Jihohi ma sun yi irin tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Kotun Ƙoli ta sha nanata cewa 'yan sanda da EFCC ba 'yan karɓo bashi ba ne. Wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa a kan bashi zalla, ana iya maka shi a babbar kotu tare da 'yan sandan, a ɗora musu diyya.

To yaushe maganar kuɗi ke zama laifi? Ana duba yadda kuɗin ya shiga hannun mutum da niyyarsa a lokacin. In ka ranta wa Malam wane naira miliyan biyu ya yi fatauci, kaya suka faɗi, ya kasa biya, wannan bashi ne ko da ya shekara uku yana yi maka gobe-jibi. In kuwa ka ba shi kuɗin ne ya sayo maka buhu hamsin na masara a Dawanau, ya je ya yi lefe da su, ya ci amana, sashe na 311 da 312 na Final Kod, wato kundin dokokin laifuka na Arewa, ɗaurin da ke iya kai shekara 7. In tun farko ƙarya ya shirya, ya nuna maka filin da ba nasa ba ko takardar kwangilar bogi, damfara ce. Dokar zamba ta 2006 ta yanka shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara. Jarin da aka bayar a juya a raba riba yana da nasa hukunci a fiƙihu: in asara ta zo ba da sakacin mai juyawa ba, a kan mai dukiya take faɗawa. Mutane da yawa suna ba da jari, in an ci riba su karɓa, in an faɗi su ce rance ne. Takarda ce kawai ke raba wannan gardama.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata wanda ake bi ya sani. Dokar caki ta 1977 ta ce wanda ya ba da caki don biyan wani haƙƙi, aka kai banki cikin wata uku aka tarar ba kuɗi, ɗaurin shekara 2 ne ba zaɓin tara, sai in ya nuna yana da dalilin sa ran kuɗin za su shiga. Shi ya sa mai bin bashi mai wayo ke cewa "rubuta mini caki kawai in ajiye." Da ka rubuta alhali ka san asusun wayam ne, ka mayar da bashinka laifi da hannunka.

Lambobin sassan Final Kod da ke cikin wannan bayani na tsohon kundin Arewa ne. Kaduna ta sake nata a 2017, lambobin sun sauya, amma laifukan suna nan.

An gayyace ka, ko an kama ka

In gayyata ce, ka je. Ƙin zuwa shi ke ba su hujjar zuwa gida da mota. Ka tafi da safe, a farkon mako, da lauya in da hali, da wanda zai tsaya maka riƙe da katin shaidarsa da hotuna. Wanda ya shiga caji ofis da yammacin Juma'a, sau da yawa sai Litinin.

Sashe na 35 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ka abubuwa da za ka riƙe. Kana da damar yin shiru har sai ka ga lauya ko wani da ka zaɓa. Dole a sanar da kai dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da kake ji. Dole a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Laifin da hukuncinsa kisa ne kaɗai aka keɓe daga wannan. An kuma haramta kama wani a madadin wani, wato a tafi da uwa ko mata ko ƙane don wanda ake nema ya fito. Har yanzu ana yi, amma haramun ne a doka, kuma ana cin nasara a kansa a kotu.

Wurin da aka fi faɗawa rami shi ne bayanin da ake rubutawa, abin da ake ce wa sitatimen. Mutum a gajiye, a tsorace, ɗan sanda ya rubuta da Turanci, ya ce sa hannu a nan ka tafi gida. Wannan takarda za ta biyo ka har ranar hukunci. Ka nemi a rubuta da Hausa in Turancinka bai nuna ba, ko a kawo tafinta shi ma ya sa hannu. A karanta maka daga farko har ƙarshe. Kada ka bar fili tsakanin layin ƙarshe da sa hannunka. In kana wani wuri lokacin da abin ya faru, a nan za ka faɗa, da sunan wurin, da lokacin, da mutanen da kuke tare, don a je a bincika. Wanda ya ɓoye wannan sai a gaban alƙali, akan ce daga baya ya ƙirƙiro. ACJA ta ba da damar a ɗauki bayanin a gaban lauya ko jami'in hukumar ba da tallafin shari'a. In an doke ka kafin ka amsa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga wanda ya yi, kuma sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya ce kotu ta ƙi irin wannan iƙrari. Amma akwai lokacin faɗa: daidai sa'ad da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar ga kotu. Nan lauyanka zai tashi ya ce tilasta ka aka yi, sai a tsaya a yi wata 'yar shari'a a kan wannan kaɗai. In aka bari ta shige, fitar da ita aiki ne. Da an sake ka, ka wuce asibitin gwamnati a rubuta raunukan, a ɗauki hoto da kwanan wata.

Belin caji ofis kyauta ne a doka, kowa ya ga an rubuta a bango, kowa kuma ya san abin da ake yi. In an ƙi sakin mutum bayan awa 24 a laifin da ba na kisa ba, lauya na iya sanar da kotu ta sa a kawo shi. Mace na iya tsaya wa mutum. ACJA ta faɗa ƙarara. Mai tsayawa kuma ya san abin da ya ɗauka: alƙawarin kawo mutum ne duk ranar da aka neme shi. In ya gudu, kai za a nema, a kuma ci kuɗin da ka sa wa hannu in ba ka kawo uzuri karɓaɓɓe ba.

A gaban alƙali

A Arewa ƙananan laifuka sukan shiga kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci da takardar 'yan sanda da ake kira FIR, ko kuma mutum ya kai ƙorafinsa kai tsaye ga alƙali. Za a karanta maka zargin a tambaye ka. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. Tafinta haƙƙinka ne, ba ka biyan ko kwabo. Kalmar da ta fi jefa mutane kurkuku ita ce "a yi mini afuwa." Mutum yana nufin ladabi, alƙali ya rubuta ya amsa laifi, a yanke hukunci nan take. In ba ka yi ba, ka ce ba ka yi ba, ka yi shiru.

Daga nan sai neman beli. Alƙali yakan duba nauyin laifin, ko kana da tsayayyen adireshi, ko za ka gudu, ko za ka taɓa shaidu. Laifin kisa da fashi da makami, babbar kotu ce kaɗai ke iya ba da beli, shi ma sai da dalili na musamman, kamar ciwo mai tsanani ko daɗewa a tsare ba shari'a. Irin waɗannan ne ake kai wa majistare don ya ba da umarnin ajiyewa a gidan gyaran hali kafin ma'aikatar shari'a ta ba da shawara. A ƙarƙashin ACJA umarnin kwana 14 ne, ana sabuntawa da dalili. A aikace nan ne mutane ke shekaru, don fayil ya kwanta tsakanin ofishin 'yan sanda da ma'aikatar. Dangi su riƙe lambar fayil, su tabbatar an tura shi, su riƙa bibiya a rubuce.

Nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara, kuma sai ya kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ɗauke ka mara laifi har sai an tabbatar. Zai kira shaidunsa, lauyanka ya yi musu tambayoyi. In sun gama ba abin kamawa, ana iya roƙon kotu ta sallame ka ba sai ka kare kanka ba. Ka lura da kalmar da alƙali ya rufe da ita. In an kori ƙara don mai ƙara ya daina zuwa, ana iya dawo da ita. In an sallame ka an kuma wanke ka, ba a sake gurfanar da kai a kan wannan laifi. Ka karɓi kwafin hukuncin mai hatimi ka adana.

Kada ka tsallake zama ko ɗaya. In ciwo ne, a aika da takardar asibiti ranar. Fashin zama guda ya isa a soke beli a ba da takardar kamu. Ƙananan laifuka kamar zagi, rauni mara tsanani da ɓata suna, ana iya sulhu a sanar da kotu ta rufe. Kisa, fashi da fyaɗe ba mai ƙorafi ke da ikon janye su ba, ko da dangi sun yafe a zaure.

An yi mini sharri, zan iya ramawa?

Za ka iya, amma ba da sauƙin da ake zato ba. Wanda ya kai rahoto da zuciya ɗaya, 'yan sanda suka yi bincikensu suka kama ka, doka ba ta kama shi. Kafin ka ci diyyar gurfanarwa bisa ƙeta sai ka nuna abu huɗu tare: shi ya assasa shari'ar, ta ƙare kai ke da nasara, ba shi da wani dalili mai ma'ana tun farko, kuma mugunta ce ta tura shi. Na uku da na huɗu ke kayar da yawancin masu ƙara. Tsohuwar gaba, saƙon da ya ce "sai na ɗaure ka," ko shaidar cewa ya san kayan ba su ɓata ba, su ne irin abin da ake nema. Ta ɓangaren laifi kuma, kai wa hukuma rahoton ƙarya da shaidar zur duk suna da hukunci a Final Kod.

In tsarewa ce ba bisa ƙa'ida ba, hanya mafi sauri ita ce ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a babbar kotu, bisa ƙa'idojin 2009. Da takardun rantsuwa ake yin ta, ba a cika kiran shaidu ba, kuma tsarin mulki ya tanadi diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Ɓata suna

Magana zarar bunu ce, a kotu kuwa sai an kawo bunun an nuna. Hanya uku ce a nan, kowace da abin da take bayarwa.

Ta farko ƙarar neman diyya, galibi a babbar kotun jiha. Sai ka tabbatar an faɗi maganar ga wani ba kai kaɗai ba, da kai ake nufi ko da ba a kama suna ba, kuma irin wadda ke zubar da mutunci ce a idon mutanen kirki. Wanda ya kira ka a waya ya ce maka ɓarawo, ba wanda ya ji, ya zage ka amma bai ɓata maka suna ba. Abin da aka rubuta ko aka ɗora a intanet, ba sai ka nuna asarar da ka yi ba. Maganar baki kuwa sai ka nuna asara, in ban da wurare huɗu: a jingina maka laifin da ake ɗauri a kansa, ko cuta mai yaɗuwa da ake ƙyama, ko a zargi mace da lalata, ko a soki cancantarka a sana'arka. Ashar da aka yi ana tsakiyar faɗa, kowa ya san zafin rai ne, kotu ba ta cika ɗaukarsa ba.

Kura-kurai biyu ke kashe irin wannan ƙara. Na ɗaya, rashin kawo kalmomin yadda aka furta su. In da Hausa aka yi maganar, da Hausa za a rubuta ta a takardar ƙara, kalma bayan kalma, sannan a biyo da fassarar Turanci, a kuma kawo wanda zai tabbatar da fassarar. "Ya ce mini abubuwa marasa daɗi" ba ƙara ba ce. Na biyu, zuwa kotu kai kaɗai. Mutunci abin da wasu ke gani ne, don haka ana so wani ya tsaya ya ce na ji, ko na karanta, kuma ga yadda na koma kallonsa.

In a Facebook, TikTok ko WhatsApp ne, ka tattara hujja kafin ka yi ko tari, don da ya ji motsin lauya zai goge. Ka ɗauki hoton allon da ke nuna sunan shafin, ranar da lokacin, da martanin mutane. Ka sauke bidiyon ko muryar, ka ajiye adireshin shafin, kada ka sayar da wayar. Sashe na 84 na dokar shaida yana buƙatar bayani a kan na'urar da aka ciro hujjar, cewa tana aiki daidai; lauya zai haɗa takardar. Sai kuma tabbatar da cewa shafin nasa ne, domin kariyar farko da ake kawowa ita ce "an yi mini kutse." Lambar waya, tsofaffin hotunansa a shafin, da wanda ya saba hira da shi ta nan suna taimakawa. Wanda ya tura gaba shi ma ya yaɗa. "Yadda na samu na turo" ba ta fid da kowa.

Ta biyu ƙarar laifi, sashe na 391 da 392 na Final Kod, ɗauri har shekara 2 ko tara ko duka biyun. Ga wani bambanci da ba kowa ya sani ba: a ƙarar diyya, in maganar gaskiya ce, magana ta ƙare. A Final Kod kuwa gaskiya kaɗai ba ta wadatar ba, sai an nuna faɗinta na da amfani ga jama'a. Tona tsohon asirin maƙwabci don a kunyata shi na iya kai mutum gaban majistare ko da abin ya faru. Dokar ta kare mai sukar aikin jami'in gwamnati da kyakkyawar niyya, da mai kai ƙorafi ga wanda ke da iko a kan maganar, da mai ba da rahoton zaman kotu yadda ya gudana. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, mai tarar naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3, an daɗe ana kama 'yan jarida da masu suka da shi. Gyaran 2024 ya taƙaita shi ga batsa da ƙaryar da aka yaɗa don tada hargitsi ko jefa rai cikin haɗari, don haka jin haushin magana kaɗai bai isa a kama mutum da shi ba.

Ta uku ƙazafi, a jihohin da ke aiki da dokar laifuka ta shari'ar Musulunci tun 2000. Wanda ya jefi Musulmi kamamme da zina, ko ya kore masa nasaba, bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce, kuma shaidarsa ta faɗi, kamar yadda ya zo a aya ta 4 ta Suratun Nur. A mazhabar Malikiyya habaici ma yana kamawa in ma'anarsa ta fito fili. Masu sakin baki da "shege" ko "karuwa" a rikicin kishiyoyi da na haya su san inda kalmar ke iya kai su.

Kafin duk wannan, wasiƙar lauya mai neman a janye magana a nemi afuwa a wurin da aka yi ta, cikin kwana bakwai ko sha huɗu, takan gama aiki. Ƙarar diyya tana cin shekaru, kuma za a sake karanta maganar da ta ƙona maka rai a gaban jama'a, a yi maka tambayoyi a kanta. Wanda ke da abin ɓoyewa ya yi lissafi tukuna.

Yadda ake karɓo bashi

Aikin yana farawa ne tun ranar bayarwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, amma har gobe kunya ke hana mutane. Takardar ba ta buƙatar Turanci: sunayen ɓangarorin biyu da adireshi, adadin kuɗi da lamba da kalmomi, dalilin bayarwa, ranar biya, sa hannu, shaidu biyu. In ɗaya bai iya karatu ba, marubucin ya sa sunansa da adireshinsa, ya rubuta cewa an karanta masa ya fahimta kafin ya dangwala. Rashin wannan kan ba shi ƙofar musu. Ka tura kuɗin ta banki ka rubuta "rance" a wurin bayani. Alat kaɗai yana nuna kuɗi sun tafi, ba ya nuna na mene ne.

In ba a rubuta ba, ba a rasa ba. Ka tura masa saƙo cikin lumana: "Alhaji, dubu ɗari takwas ɗin nan da na ranta maka watan Rajab, yaushe zan sa rai?" In ya amsa "ka ƙara haƙuri zuwa ƙarshen wata," ka samu iƙrari.

Sai wasiƙar neman biya mai wa'adi, ka riƙe shaidar ya karɓa. Daga nan a gwada sulhu: shugabannin kasuwa, mai unguwa, Hisba, ko zauren sasanci na babbar kotu inda yake. Duk abin da aka cimma a rubuta, da adadin kowane biya da ranarsa. In an riga an shiga kotu, a kai yarjejeniyar alƙali ya mayar da ita hukunci, don in ya saɓa a wuce kai tsaye ga zartarwa.

In sulhu ya ƙi, sai zaɓen kotu. Kotun ƙananan basussuka, wadda Legas ta fara a 2018 Kano ta bi a 2019, an yi ta ne don kuɗin da adadinsu ya tabbata. An fara da rufin naira miliyan 5, wato iyakar kuɗin da ake iya nema a can. Ka tambayi rajistara rufin jiharku na yanzu. Fom ake cikewa, ana farawa da na neman biya mai wa'adin kwana 14, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara a gama cikin kwana 60. Kuɗi masu yawa babbar kotu ake kai su, inda akwai gajeriyar hanya ga bashin da ba shi da abin musu: ka haɗa takardunka da rantsuwa, in wanda ake ƙara bai nuna wata kariya ta gaske ba, a yanke ba tare da kiran shaidu ba. Ka tabbatar da wanda kake ƙara. In kamfani mai rajista ne ya ci bashin, kamfanin za ka sa, ba mai shi ba, sai in ya yi lamuni da kansa. Sammaci kuma ya isa hannunsa ta hanyar ma'aikacin kotu. Hukuncin da aka yi ba a kai sammaci ba rushewa yake. In yana ɓuya, a nemi izinin liƙa masa a ƙofa.

A kotun shari'ar Musulunci tsarin daban ne, kuma ba a tilasta wa wanda ba Musulmi ba zuwa can sai da yardarsa. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ka fayyace da'awarka: nawa, na mene ne, yaushe. In ya yi iƙrari, shi ke nan. In ya musa, a maganar dukiya ana karɓar maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya haɗe da rantsuwarka. Ana soke shaidar uba ga ɗa, ta miji ga mata, ta abokin gaba, da ta wanda zai amfana, don haka kada ka cika kotu da 'yan gidanku. In ba ka da shaida, shi zai rantse ya tafi. In ya noƙe, rantsuwar ta dawo kanka. Wanda ya ce "na ci amma na biya" ya juya nauyin hujja kansa. Kafin hukunci dole alƙali ya yi i'izari, ya tambayi wanda hukunci zai hau ko yana da sauran magana. Tsallake wannan na sa a rushe shari'ar a sama. Kuɗin ruwa kuma ba a hukunta shi a can.

Kada ka yi barci a kan haƙƙinka. A kotunan da ke bin dokar Turawa bashin yarjejeniya yana da wa'adi, shekara 6 a Abuja da Legas, 5 a wasu jihohi, daga ranar da ya kamata a biya. In ya wuce, ƙofar kotu ta rufe. Amsa bashin a rubuce ko biyan wani ɓangare yana sabunta lissafin.

Abin da ba a yi: ƙwace masa babur a hanya, garƙame masa shago, tura masa soja ko 'yan daba, ko liƙa hotonsa a intanet da sunan ɗan damfara. Kowanne na iya mayar da kai wanda ake tuhuma, shi kuma ya samu abin ciniki da kai. Kayan jingina ma ba sa zama naka don wa'adi ya cika. Sayarwa ake yi bisa yarjejeniya ko umarnin kotu, ka ɗauki naka ka mayar da ragowa. Manhajojin ba da rance da ke aika wa mutanen cikin wayarka saƙon cin mutunci suna karya dokar kare bayanai ta 2023. Ana kai ƙorafinsu hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta FCCPC da hotunan saƙonnin, amma asalin bashin yana nan sai ka biya. Masu rancen banki kuma su san cewa tun Agustan 2020 Babban Banki ya ba da damar a bi lambar BVN a cire kuɗi daga sauran asusunsu, in sun sa hannu a kan hakan lokacin karɓa.

Hukunci ya fito, kuɗi ba su fito ba

Takardar hukunci ba ta tafiya da ƙafarta, kai za ka koma ka nemi a zartar. In ka san bankinsa, hanya mafi tsabta ita ce a nemi kotu ta riƙe kuɗin: umarnin farko ya isa ga bankin da shi kansa aƙalla kwana 14 kafin zama, in ba wani dalili, a ba da na ƙarshe a biya ka. Shi ya sa yake da kyau ka adana duk wata lambar asusu da ya taɓa turo maka kuɗi da ita. In kuɗin gwamnati ne a hannun jami'inta, sai da amincewar antoni janar. Hanya ta biyu, ma'aikatan kotu su kwashe kayansa masu motsi a yi gwanjo, ba kafin kwana biyar ba, sai in masu lalacewa ne. Gida ko fili ba a taɓawa sai kayan sun gaza kuma babbar kotu ta ba da izini. In an haɗa da kayan matarsa ko na maƙwabci, mai kayan ya garzaya kotu da rasit kafin a buga ƙararrawa.

Ba a ɗaure mutum don talauci. Kotu na iya kiran sa ta binciki samunsa. Wanda ke da hali ya ƙi biya, ko ya ɓoye dukiya, shi ake iya tsarewa na ɗan lokaci, kuma tsarewar ba ta goge bashin. Wanda da gaske ba shi da shi, ya roƙi a yanka masa biya kaɗan-kaɗan, ya zo da shaidar abin da yake samu. Aya ta 280 a Baƙara ma jinkiri ta ce a yi wa mai ƙunci.

Wanda hukunci bai yi wa daɗi ba ya kula da kwanaki. Daga majistare ko kotun shari'ar Musulunci galibi kwana 30 ne. Daga babbar kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kwana 90 a shari'ar laifi, wata 3 a hukuncin ƙarshe na ƙarar haƙƙi, kwana 14 kacal a ƙaramin umarni na tsakiyar shari'a. Ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta tsayar da gwanjo, sai an nemi umarnin dakatarwa daban. A kuma kula da inda za a kai ta: sashe na 277 na tsarin mulki ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara, don haka an sha rushe hukuncinta a kan ciniki da bashi bayan an yi shekaru ana tafka shari'a. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa a babban birnin jiharsa, mata kuma akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

In wanda ake bi ya rasu, bashin yana kan abin da ya bari, kuma ana fitar da shi kafin wasiyya da rabon gado. Mai bi ya sanar da magada ko kotun da ke rabon tun kafin a raba, ya zo da hujjarsa; a fiƙihun Malikiyya akan ƙara masa da rantsuwa cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba, tunda mamaci ba ya nan balle ya musa. In dukiyar ba ta kai ba, masu bi su raba gwargwadon haƙƙinsu. Ɗa ko mata ko ɗan'uwa ba a tilasta musu biya daga aljihunsu, sai wanda ya sa hannu a matsayin mai lamuni.